Katifar Jibrin a Matakala

Idan ka shiga unguwar Manfuha a Riyad ka bi lungun da ke bayan gidan burodin Afganawa, za ka tarar da wani bene mai hawa uku wanda fenti ya daɗe da yin sallama da shi. Hawa na biyu, ƙofar hagu, nan ne gidanmu. Mu goma sha biyu ne a ciki, ɗaki uku, banɗaki ɗaya, da wani tsohon firiji mai gurnani kamar raƙumi. A jikin ƙofar firijin akwai wata takarda da aka liƙe, ta sha maiƙo har ta koma launin shayi. Jibrin direba ne ya rubuta ta, kuma saura ƙiris ta kore shi daga Riyad gaba ɗaya. Bari in faro muku daga tushe.

Jibrin mutumin Gumel ne, ɗan wanzami. Mahaifinsa ya so ya zama malami, shi ya sa bai ba shi aska ba, ya miƙa shi zaure. Ya yi shekara tara yana karatun nahawu da fiƙihu, har Larabci ya zauna masa a baki. Sai tsohon ya rasu ya bar masa ƙanne shida, Jibrin ya naɗe buzu ya hau motar shanu. Shekara goma sha takwas yana kai shanu kudu. A 2011 ya sami bizar direban gida, ya bar matarsa Hajjo da 'ya'ya huɗu, ya sauka a Riyad da jaka ɗaya. Gajere ne, ba ya da yawan magana, amma ba ya ganin rubutu ya wuce. Kwalin madara, allon kan titi, takardar da ke cikin magani, duk sai ya karanta.

Akwai wani abu kuma. Mu dai dukkanmu da muka sauka a ƙasar nan muka ga kowa yana kama hannu a salla, sai muka kama namu, don gudun kallo. Jibrin bai kama ba. Sakin hannu ya gani wajen mahaifinsa da malaminsa, kuma da shi ya ci gaba.

Mai gidan namu shi ne Alhaji Ɗan'iya, mai sayar da turare da carbi a kasuwar Dira, kusa da tsohuwar ganuwar Masmak. Shekararsa ashirin da uku a Riyad, kuma sunansa ne a takardar hayar gidan. Kada ku ɗauka mugu ne. Shi ke tarbo baƙo a filin jirgi, shi ke kwana asibiti da marar lafiya, in ɗan gida ya rasu shi ke bin ofis-ofis har a yi jana'iza. Amma yana da al'adu biyu da kowa ya sani.

Ta farko, idan ka ɓata masa rai ba ya faɗa, ba ya zagi. Za ka dawo daga aiki ka tarar da katifarka a naɗe a matakala, jakarka a kai. Shi ke nan, an gama. Ba a tambayarka yadda aka yi.

Ta biyu kuwa farantin Juma'a ne. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ana juye shinkafa da naman rago a wani ƙaton faranti, a zauna a falo. Duk Bahaushen da ya yi sallama a ƙofa a wannan lokacin, ko wane ne, ba a mayar da shi. Za a buɗa masa wuri, in ya ci ya sha shayi Alhaji zai ce masa, "Baƙo, me ke tafe da kai?" Kuma ba mai katse shi har ya kai aya, ko Alhajin da kansa. Yakan ce a gidan kakansa ya ga ana haka, kuma da wannan yake tinƙaho a duk Manfuha.

Cikin Agustan 2014, lokacin da zafin Riyad ke narka kwalta, al'adar farko ta faɗa kan Talle magini. Talle yana da ciwon ƙirji, ƙurar siminti ta cinye shi. Wata rana ya dawo da tsakar rana yana tari, sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana sukarsa kamar allura, sai ya miƙa hannu ya kashe. Bai lura Alhaji yana ƙailula a kusurwar ɗakin ba. Alhaji ya farka jiƙe da gumi. Kafin la'asar katifar Talle tana matakala. Ya koma kwana a kangon da suke ginawa, ba ƙofa ba taga. Duk Juma'a sai ya zo ya yi sallama a matsayin baƙo, ya ci shinkafa yana tari, mu kuma muna kallon faranti. Kowa na tunanin tasa katifar.

Jibrin yana aiki ne a unguwar Malaz, wajen wani dattijo da ake kira Abu Amir, tsohon malamin makaranta ɗan asalin Ahsa. Gidansa ƙaramin bene ne, ba ɗakin direba, shi ya sa Jibrin yake kwana a wajenmu. Tun a makon farko dattijon ya leƙo ta taga ya ga sabon direbansa yana sallar azahar a gefen mota, hannuwa a sake. Da suka shiga mota ya ɗaga gilashi, ya rage murya.

"Ya Jibril, kai namu ne?"

"Naku kamar yaya, Baba?"

"Na ga hannunka."

Sai Jibrin ya gane. A garin, 'yan Shi'a aka sani da sakin hannu, kuma dattijon ɗan Shi'a ne. Ya ce, "A'a, Baba, ni Bamalike ne. A garinmu haka aka taso ana yi."

Dattijon ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Shekara arba'in ina ɓoye hannuwana a garin nan, kai ka taso daga Afirka ka saki naka a bakin titi!"

Daga ranar suka zama abokai, kowa da aƙidarsa. Da ciwon suga ya soma cin idon dattijon, sai aikin Jibrin ya ƙaru. Bayan la'asar yakan hau sama, a zuba masa gahawa, a miƙo masa ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan da aka naɗe bangonsu da jarida, ya karanta da ƙarfi, dattijon yana gyara masa wasali.

A watan da aka kori Talle, wani tsohon rikici suke karantawa. Shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce, mutanen Iran suka gaji da yadda sarkinsu ke yin abin da ya ga dama. Suka nemi a rubuta masa iyaka a takarda, a kafa majalisar da za ta sa masa ido. Magana ta kai Najaf, garin manyan malaman Shi'a a Iraƙi, malamai suka rabu biyu. A aƙidarsu mulki na gaskiya haƙƙin Imami ne, ma'asumi wanda ba ya kuskure, kuma sun ce ya faku daga idon mutane sai ƙarshen zamani. Wasu malaman suka ce majalisa aron Turawa ce, a rabu da ita. Wasu suka ce sam. Tunda mai kujerar ba ya nan, duk wanda ya hau ta mutum ne mai kuskure da son zuciya. Mulki kuwa iri biyu ne, akwai wanda mai shi ke ganin mutane mallakarsa ne, akwai wanda mai shi ke ganin amana aka ba shi. In ba za a sami wanda ba ya kuskure ba, to a samo abin da zai tsaya a madadin wannan kariyar, wato rubutacciyar iyaka da idon jama'a.

Jibrin ya ajiye littafin ya ce, "Baba, ni fa ban yarda da maganar fakuwar Imamin nan ba."

"Na sani. Ci gaba da karatu."

Bai ci gaba ba. Sai ya kwashe labarin Talle ya faɗa masa, da mukayyif, da kango, da tarin. Dattijon ya juya ƙaramin kofinsa, ya jefo masa tambaya.

"To ku a wajenku, bayan Annabi wane ne ma'asumi?"

"Babu."

"Ko ɗaya? Ko ɓoyayye?"

"Ko ɓoyayye."

"To ai kun fi mu buƙatar takarda, ya Jibril. Mu ko ba komai muna jiran wani. Ku wa kuke jira?"

Wannan tambayar ta bi Jibrin har cikin mota. Ya yi wata guda yana juya ta a danja, a layin asibiti, a bakin makarantar jikokin dattijon. Wata rana ya yage shafin tsohuwar kalanda ya juya bayansa. Abin da ya rubuta bai fi layi biyar ba. Ba a fitar da katifar kowa sai an ji ta bakinsa a gaban farantin Juma'a. Mutum uku da 'yan gida suka zaɓa su ne za su yanke hukunci, ban da wanda aka ɓata wa rai. Mai gida yana riƙe makulli shekara biyu, sannan a sake tambayar mutane. Marar lafiya yana da gadon da ya fi nisa da mukayyif. Na ƙarshe ya ce takardar ta hau kan kowa, har wanda ya rubuta ta.

A nan ne ya yi kuskurensa. Ya nuna wa Sha'aban.

Sha'aban mai raba shayi ne a wani ofis, mutumin kirki, amma magana ba ta kwana a cikinsa. Ya karanta, ya ce, "Kai, Malam Jibrin, wannan ai tsarin mulki ne sukutum! A ina ka samo?"

Da wani ne, da sai ya ce tunaninsa ne kawai. Jibrin ɗan zaure ne, an koya masa cewa ba a ɗaukar magana a ɓoye inda aka samo ta. Ya ce, "Wajen malaman Najaf na ga asalin hujjar."

"Najaf? Ta 'yan Shi'a?"

"Ita."

Kafin kwana biyu magana ta kai shagon Alhaji a Dira, kuma ta yi ƙiba a hanya. Jibrin yana tuƙa ɗan Shi'a, yana sakin hannu a salla, yanzu kuma ya kawo takardar Shi'a zai juyar da gida. Ku tuna a wane gari muke, da yadda ake kallon wannan suna a shekarun nan. Babu gidan Hausawa a Riyad da zai buɗe ƙofa ga wanda aka kora da irin wannan lamba. Ba wurin kwana, ba aiki, sai jirgi. Shekarun da Jibrin ya yi niyyar ƙarawa don 'ya'yansa su gama makaranta, duk sun rataya a kan katifa ɗaya.

Wata Juma'a cikin Oktoba ya kai dattijon aski da safe, ya dawo wajen ƙarfe goma. Ga katifarsa a matakala, a naɗe da igiya, jaka a kai, dardumarsa a kan jakar. Ni na ga fuskarsa a lokacin, don ina saukowa da shara. Ya tsaya yana kallonta kamar wanda ya ga gawar ɗan'uwa. Na ce, "Malam Jibrin, ka yi haƙuri." Ya ce, "Ba komai. Yau me ake dafawa?"

Ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci. Da aka sauko ya dawo ya zauna a kan katifar, mutane suna tsallake shi suna kau da kai. Talle ya hauro yana haki, ya gan shi, ya ce, "Kai ma?" Jibrin ya ce, "Ni ma. Jira a juye abinci mu shiga tare."

Da ƙamshin shinkafa ya cika bene, ya tashi ya ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Baƙi ne."

Alhaji yana zaune a wurinsa, ya naɗe hannun riga, loma tana hannunsa. Ya dubi ƙofa, ya dubi mutane. Kowa ya zuba masa ido. Shekara ashirin da uku bai taɓa mayar da baƙon Juma'a ba.

"Wa alaikumus salam," in ji shi, da ƙyar. "A buɗa musu."

Jibrin ya zauna ya ci abinci sosai, har da neman a miƙo masa yaji. Aka kawo shayi da dabino. Alhaji ya yi ta kurɓa yana kallon bango, yana fatan a tashi. Sai Baba Maiwada, wanda ya fi kowa shekaru a gidan, mai gadin wani sito, ya yi gyaran murya.

"Ɗan'iya, ba ka tambayi baƙo ba."

"Ai na san abin da ke tafe da shi."

"Ko ka sani, al'ada ce. Taka ce ma."

Alhaji ya ajiye kofi. "Baƙo, me ke tafe da kai?"

Jibrin ya ce, "Alhaji, godiya ce ta kawo ni. Ka fitar da katifata da safe, ba ka son ganina, amma ga shi na ci abincinka. Me ya hana ka kore ni daga ƙofa?"

Jibrin ya amsa wa kansa.

"Doka ce ta hana ka. Kai ka kafa ta, amma yau ta fi ka ƙarfi, kuma ba ta rage maka girma ba. Da ita ake yabonka har Jidda. Ni ban kawo sabon abu gidan nan ba. Ƙanne na samo mata guda biyar, na rubuta su don kada a manta."

"Ƙannen da ka ɗauko daga gidan 'yan Shi'a!" in ji Alhaji.

"Ba a katse baƙo," in ji Baba Maiwada, yana ɓare dabino.

"A bar shi, Baba, tambaya ce mai kyau," in ji Jibrin. "E, a can na ji hujjar, ba zan ɓoye ba. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma dattijon da nake tuƙawa ya san haka tun makon farko. Su sun ce akwai ma'asumi amma ya faku. Mu mun ce bayan Annabi babu. To ina tambaya, a falon nan wane ne ba ya kuskure? Ya ɗaga hannu mu ba shi makulli har abada, in yaga takardar nan yanzu."

Ba hannun da ya ɗagu. Wani daga baya ya ce, "Sha'aban, ɗaga mana," aka fashe da dariya, Sha'aban ya ce, "Ni? Jiya ma gishiri na zuba wa mudirin ofishinmu a shayi."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "To sakin hannun fa?"

Baba Maiwada ya tofar da ƙwallon dabino a tafinsa. "Ɗan'iya, ka ji tsoron Allah. Na san mahaifinka a Haɗeja, na yi salla a bayansa. Hannunsa a ina yake?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Baba Maiwada ya juya ga sauran mutane.

"Duk wanda ubansa ya kama hannu a gidan nan ya faɗa. Mu ne muka sauya da muka ga idon mutane. Shi bai sauya ba, shi ne laifinsa?"

Sai Talle ya soma tari. Tari ne mai tsawo, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji, har sai da aka miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ni ma baƙo ne, Alhaji, wata biyu ina zuwa kana tambayata ina cewa lafiya lau. Yau zan faɗa. Wallahi ban san kana ɗakin ba. Da ka tambaye ni, da na faɗa maka tun ranar."

Nan fa falo ya ɗau zafi. Abin da mutane suka haɗiye shekara da shekaru ya taso. Wannan ya tuna ɗan'uwansa da aka kora kan rediyo, wancan ya tuna wanda aka kora kan ya soya daddawa. Sha'aban, wanda shi ya kai tsegumin, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya miƙe tsaye ya ce, "A fitar da katifar Alhaji! Shi ma ya ɗanɗana matakala! Malam Jibrin ya karɓi makulli, mun yarda da shi, ba ma sai da takarda ba!"

Mutum biyu har sun nufi ɗakin Alhaji. Jibrin ya riga su, ya tsaya a bakin ƙofar, gajere da shi, ya ware hannuwa.

"Ba mai taɓa ta. Layin farko ya ce ba a fitar da katifar kowa sai an ji ta bakinsa. Kowa na rubuta, ban ce ban da Alhaji ba. Ni kuma kada ku ba ni makulli ba takarda. Ku ba ni shekara biyu ku gani, wallahi sai na fi shi. Ba ku san ni ba ne in na ji yunwa."

Suka tsaya cirko-cirko. Ya juya ga Alhaji, ya sassauta murya. "Alhaji, me ke tafe da kai? Mu ma ba mu taɓa tambayarka ba."

Ban taɓa ganin Alhaji Ɗan'iya a haka ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Sunana ne a takardar haya. In wani ya yi faɗa, ni za a kira. In maƙwabta suka kai ƙara, iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, za a karɓa. Shekara ashirin da uku ina kwana da ido ɗaya saboda ku. In na ga alamar fitina sai in cire ta tun tana ƙarama. Wa zan tambaya? Wa ya taɓa cewa zai ɗauka tare da ni?"

"Ga mutum uku nan a layi na biyu," in ji Jibrin. "In an yi daidai ku huɗu ne, in an yi kuskure ku huɗu ne."

Baba Maiwada ne ya kawo dabarar ƙuri'a. Ya ce ɗaga hannu a gaban Alhaji ba zai yiwu ba, kunya za ta yi zaɓen. Kowa ya riƙe ƙwallon dabinon da ya ci, a shiga kicin ɗaya bayan ɗaya a rufe ƙofa. Mai son takarda ya jefa a butar shayi, wanda ba ya so ya jefa a gwangwanin madara. Jibrin da Talle ba su da ƙuri'a, tunda baƙi ne. Mu goma muka shiga muka fito, Alhaji ne na ƙarshe. Baba Maiwada ya ɗauko buta ya juye a faranti.

Ƙwallo tara. Gwangwani, ɗaya tal.

Kai, ranar Manfuha ta ji mu! Aka yi ta kabbara da tafi har Bangalin da ke hawa na uku ya leƙo yana tambaya ko an yi wa wani haihuwa. Sha'aban ya ɗauki faranti yana kiɗa. A cikin hayaniyar ba wanda ya lura Alhaji ya fita, sai da muka ga ƙofa ta buɗe, ga shi da katifar Jibrin a ka, da babbar rigarsa ta Juma'a, yana nishi. Ya dire ta a wurinta ya kwance igiyar da hannunsa. Sannan ya ce wa Talle, "Taka tana ina?" Talle ya ce tana kango. Alhaji ya ce, "Malam Jibrin, ara mana mota."

A ranar aka zaɓi mutum uku, aka kuma bar wa Alhaji makulli na shekara biyu, don gaskiya ba wanda ya san ofisoshin garin kamarsa. Talle ya sami gadon bakin ƙofa, nesa da sanyi. Aka liƙa takardar a firiji, saboda nan ne kowa ke zuwa.

Ranar Lahadi Jibrin ya ba Abu Amir labari. Dattijon ya sa ya maimaita wajen butar shayi sau uku, yana dariya yana share hawaye. Ya ce, "Mutanen can sai da aka yi shekaru ana zubar da jini, malamai suna tsine wa juna. Ku kun gama a faranti ɗaya." Jibrin ya ce, "Mu goma sha biyu ne kawai, Baba." Ya ce, "Su ma da kaɗan suka fara. Ɗauko littafin, mun tsaya a tsakiya."

Wanda aka fara gurfanarwa a ƙarƙashin takardar kuwa, ba kowa ba ne sai Jibrin. Ya bar tukunya a wuta ya tsaya karanta bayan kwalin sabulu, har hayaƙi ya cika bene. Aka ji ta bakinsa ranar Juma'a, aka yanke masa wankin faranti na wata guda. Alhaji ya riƙa wucewa ta kicin yana cewa, "Ranka ya daɗe mai dokoki, ga maiƙo can a gefe." Kafin shekara ta zagayo gidaje huɗu a Manfuha da ɗaya a Dira sun aiko an kwafa musu, kowa ya ƙara nasa layin. Wani gidan har da dokar wanda zai riƙe rimot ranar ƙwallo.

Jibrin ya ƙara shekara biyar a Riyad. Abu Amir ya rasu a farkon 2019, 'yarsa Amal kuma ta riga ta karɓi lasin tuƙi, sai Jibrin ya ce lokacin komawa wajen Hajjo ya yi. Babbar 'yarsa ta gama karatun jinya, na biyun yana jami'a. Muka yi masa farantin bankwana. Da aka zo shayi, Sha'aban ya ce yana da abin da ya daɗe yana cinsa.

"Ƙwallon nan ɗaya na gwangwani, nawa ne."

Muka ce, "Kai? Kai da ka fi kowa ihu?"

"Da na shiga kicin sai tsoro ya kama ni. Na ce in abin ya faɗi, Alhaji zai gane."

Baba Maiwada ya lissafa da yatsu, ya tsaya, ya ɗago kai ya dubi Alhaji. Mu ma duk muka juya. Shekara biyar muna zaton ƙwallon nasa ne.

Alhaji ya ci gaba da hura shayinsa. Ya ce, "Me kuke kallona? Ba a tambayar mutum inda ya jefa. Malam Jibrin, kafin ka tafi ka ƙara wannan a firiji, ya zama layi na shida."

Jibrin ya laluba aljihu ya ciro biro.